Irin geron kakata

Duk lokacin da na ji ƙamshin tumu a tashar Agiye sai raina ya ɓaci. Bari in gaya maka dalili.

A ƙauyenmu, gandu gidanmu ke nomawa: gona ɗaya, rumbu ɗaya. Maza ke noma, amma iri a hannun kakata yake. Lokacin girbi, kafin a ɗaure dami, takan bi gonar da kanta tana zaɓen zangarniya mai kauri, wadda ta cika har baki. Ta rataye su da igiya a ɗakin girki, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Gero ne mai saurin nuna. Sa'ad da rumbunan maƙwabta suka ƙare suna dafa tafasa, mu har mun fara cin tumu. Wanda ya zo ya roƙa, takan ɗebar masa cikin tafi.

Babana na da 'yan'uwa biyu. Ƙanensa malamin lakol ne, wato makarantar boko, ya sha littattafan gurguzu har ya fi masu su yarda da su. Wansa ɗan kasuwa ne a Maraɗi, bai taɓa jin kalmar jari-hujja ba, amma a jininsa take. In suka haɗu da salla, malami ya ce dukiya ta jama'a ce, ɗan kasuwa ya ce abin kowa ba mai kula da shi. Babana da ya noma tuwon da suke ci, loma kawai yake kaiwa.

Malami ne ya fara samun yadda yake so. Ya tara gari, aka gina ɗakin ajiya, aka ce kowane gida ya kawo irinsa, in ruwa ya sauka a raba daidai. Kakata ta ƙi.

"Wanga iri uwata ta ba ni shi," in ji ta. "In kunka gama shi da na wasu, ba ku iya raba su."

"Inna, mi ya sa gidanmu kaɗai za ya ci tumu, mutane na kwana da yunwa?"

A gaban jama'a ya faɗi haka. Kunya ta sa ta kwance igiyar.

Samarin da aka ba aikin suka sussuke komai, gero da maiwa mai jinkirin nuna, suka zuba wuri ɗaya don kada a ce an fifita wani. Da damina gonakinmu suka zama abin dariya. Nan ya nuna tsuntsaye na ci, can ko kai bai fitar ba. Ba wanda ya ci tumu da wuri a shekarar, har mu. Kakata ta yi ta zaɓe a girbin da suka biyo baya, amma irin ya riga ya gauraya.

Sai ɗan kasuwa ya zo da babbar riga yana cewa, "Kun gani ko?" Ya ce a raba gandu, kowa ya ji zafin nasa. Aka raba. Ya riƙa kawo iri cikin leda, mai jan magani, wanda sai ka saya kowace shekara. Shekarar da aka yi fari, babana ya sayar masa da rabonsa, shi kuma ya sayar wa wani alhaji duka.

Ban manta da girbin farko bayan nan ba. Kakata ta tsufa, ta fara ruɗewa. Ta ɗauki ƙwarya ta nufi gonar don zaɓen iri kamar kullum, mai gadi ya tare ta a bakin shinge ya ce ta koma. Ina bayanta. Ta juya da ƙwaryarta ba komai a ciki, muka koma gida.

Yau a gonar nan nake ƙwadago. Kwanan baya 'yata ta dawo daga lakol tana tambayata wanne ya fi, gurguzu ko jari-hujja, wai za a yi musu jarrabawa. Na dubi tafin hannuna, jan maganin irin alhaji bai fita ba. Na ce ta rubuta abin da mushe, malaminsu, ya koya musu. Ni dai har yau ban yafe wa ko ɗaya ba. Igiyar kakata na nan a ɗakin girki, ta yi baƙi da hayaƙi, matata na rataye ludayi a kanta.