Gwaggo da Kajin Ɗakin Kwano

Gwaggona, yayar mahaifina, a cikin kwari ta yi aure, a nan mijinta ya rasu, a nan ta tsufa da awakinta. Idan bazara ta kama, duwatsu kan tare iska ta kowane gefe, ko ganye ba ya motsi. Ita kuwa ta san kan abin: rumfar ciyawa a gindin tsamiya, da tsohon kwatarni da ta binne har wuya don ruwan dabbobin ya zauna da sanyi.

Wata shekara ɗanta, direban babbar mota, ya zo da shawara.

"Inna, kin wuce bin akuya. Kajin ƙwai za ki yi, kina zaune abinki."

"Ni da ban san yarensu ba?" in ji ta, tana dariya.

Bai saurare ta ba, don a ganinsa hutu yake nema mata. Aka sayar da awakin, aka gina ɗakin bulo mai rufin kwano da 'yan tagogi biyu, aka zuba kaji ɗari biyu. Da ta ce a ɗora ciyawa a sama, ya ce wannan aikin mutanen da ne.

Da sanyi kajin sun yi kyau. Zafi na shigowa suka fara buɗe baki, fukafukai a sake. Gwaggo ta riƙa gangarawa rafi da bokiti, ta jiƙa buhuna ta rataya a tagogi, ta yayyafa ƙasa, ta tura karan dawa kan rufin da doguwar gora tunda ba ta iya hawa. Sawu bakwai a yini. Rafin ma ya ja baya, sai ta tona yashi kafin ta ga ruwa.

Ran nan bayan azahar, tana hawowa, jiri ya kwashe ta. Ta zauna gindin wani dutse da niyyar ta ɗan huta. Sai da la'asar wata maƙwabciya da ta je wanki ta tsince ta, ta riƙo ta zuwa gida. Ɗakin kajin shiru. Fiye da rabin kajin sun mutu a jikin ƙofa, wasu kan wasu.

Ɗan ya kira a waya da yamma.

"Inna, ya kajin?"

"Zafi dai, ɗan nan."

"Ki riƙa ba su ruwa mana."

"To," kawai ta ce.

Da ya zo ya gani, ya ɗora laifin kan mai sayar da abincin kaji. Ba ta musa masa ba. Ya kwashe ragowar ya kai kasuwa.

Tun ranar jikinta bai ƙara ɗaukar rana ba. 'Yarta ta tafi da ita gari, ta ba ta ɗaki mai fanka. Da na je gaishe ta, na same ta ta rame, tana kallon bango. Ba ta yi maganar kaji ba. Ta tambaye ni ko an yi ruwa a kwari, na ce tukuna.