Baba Majalisa, Bayan Shekara Arba'in da Biyar

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar wani tsohon Bature da muke kira Baba Majalisa. Na san shi a Riyad lokacin da arzikin mai ke tashe, ina direba a kamfanin gine-ginen da ɗansa ke aikin injiniya. Da matar tsohon ta mutu, ɗan ya ɗauko shi daga Ingila, aka ce ni zan riƙa fita da shi shan iska.

A mota, tsakanin unguwannin Ulaisha da Ulaya, ya ba ni labarinsa guntu-guntu. Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, masu haƙar kwal na garinsu suka tura shi majalisar dokoki, bai cika talatin ba. Shekara biyu kacal ya yi. Da tattalin arziki ya karye, manyan jam'iyyarsa suka kawo ƙudurin rage tallafin marasa aikin yi. Ya san gidajen da abin zai taɓa, amma ya bi manya, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Da zaɓe ya zagayo aka kayar da shi, bai ƙara tsayawa ba. "Tsoro na ji, Malam Isa," in ji shi, "ba wani dalili."

Wata rana wani leburanmu, Sani ɗan Maraɗi, ya faɗo daga bene ya karye a ƙugu. Kamfani ya shirya soke takardar zamansa, a mai da shi gida a haka. Tsohon ya sa na kai shi ofishin manaja, ya zauna, ya ce ba ya tashi sai an yi wa Sani magani. Ɗansa ya yi lallashi, ya yi fushi. Kwana uku muna wuni can. A na huɗu aka kwantar da Sani a asibiti.

Ban ce wannan ya wanke wancan ba, shi ma bai taɓa cewa ba. Magana zarar bunu ce, ƙuri'a ma haka.

Da zai ga dogayen benayen Ulaya na yau, ina jin tsayinsu ba zai dame shi ba. Zai tambayi inda magina ke kwana.

A tarihin majalisarsu da wuya ya wuce layi biyu. Sani kuwa yana Maraɗi, yana ɗingishi zuwa masallaci da ƙafarsa. Duk sanda muka gaisa sai ya ce in tuna masa sunan Baturen nan.