Baraka da Motocin da Ke Dawowa Wayam

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a unguwar Dogo Tebo ya san shagon Baraka. Ƙaramin shago ne, daga kwamfuta sai injin buga takarda sai benci, da wata fanka da kukanta ya fi iskarta yawa. Mai shagon doguwa ce, mai saurin dariya, amma ba ta iya ganin kuskure a rubutun mutum ta ƙyale. Sai ta gyara maka, sannan ta yi maka faɗa kaɗan, ka fita kana godiya.

'Yar Malam Abdulrahim ce, mai gyaran rediyo a Hausari, wanda iyayensa suka zo Potiskum daga Kano. A gefen teburinsa ta tashi tana miƙa masa waya da dalma, a nan ta koyi cewa abin da ya ƙi aiki buɗe shi ake yi a duba. Ta karanta kwamfuta a kwaleji, ta auri Sajo direban tirela, ta haifi 'ya'ya, ta buɗe shago. Mutane suka ɗauka karatun ya ƙare a buga takardun neman aiki da katin biki.

Abin da ya tayar da ita shi ne ƙorafin mijinta. Sajo yakan kai shanu kudu, sannan ya zauna a tasha yana jiran kayan dawowa. Wani lokaci ya gaji ya taho wayam, ya iso gida ya ji cewa wani ɗan kasuwar garin nan yana can yana neman motar da za ta ɗauko masa manja daga inda ya baro.

"Maman Ashraf," ya ce da ita wata rana yana cin tuwo, "mu muna neman su, su suna neman mu, kowa a makance."

 Daga ranar, duk lokacin da shago ya yi shiru, sai ta buɗe kwamfutarta. Da wani tsarin gina shafukan intanet da ake kira Django ta haɗa ƙaramar manhaja: direba ya faɗi garin da yake da ranar da zai taso, mai kaya ya faɗi abin da yake so a ɗauko masa. Ta yi ta da Hausa. A shago manhajar ta yi aiki lafiya lau, har abokan Sajo suka riƙa zuwa kallo suna jinjina kai.

Sai dai a cikin kwamfutar shagon kaɗai take. Direban da ke Anaca ba shi da hanyar ganinta. Dole a ɗora ta a kan manyan kwamfutocin haya na wani kamfani, waɗanda ba a kashewa, irin da masu sana'ar ke kira gajimare. Baraka ba ta taɓa yin wannan ba, kuma tsoronsa take ji. Ta yi makonni tana jan ƙafa, tana sauya launin shafi da girman rubutu, don dai kada ta kai ga wurin.

Ranar da ta yi ƙarfin hali, Sajo yana Lakwaja. Ta bi umarnin kamfanin ɗaya bayan ɗaya, ta tura manhajar, rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfuta, daga ƙarshe aka ba ta adireshi. Ta aika wa Sajo.

Can sai ga kiransa. "Na buɗe. Fari ne fat, da ɗan Turanci a sama. Haka ake so?"

"Ba haka ake so ba, Baban Ashraf."

"To ai farin ma ya yi kyau," in ji shi, don ya ji muryarta ta sauya.

Ta yi dariya, hawaye na neman zubo mata. Ta sake turawa, abin bai canza ba. Wuta ta ɗauke, ta tayar da janareta, ta sake. Da la'asar ta haƙura ta kira Khaulat, ƙawarta tun kwaleji, wadda ke aikin manhaja a Kano.

Khaulat ta ce, "Bar sake turawa haka nan. Buɗe wurin da yake nuna abin da ya faru, ki karanta mini layin ƙarshe."

Baraka ta karanta. Tun kafin ta kai ƙarshen layin ta dafe kai. Manhajar tana can wata ƙasa, amma har yanzu a cikin kwamfutar Dogo Tebo take neman rumbun da aka adana sunayen direbobi. Ba a gaya wa manhajar sabon wurin ba. Suka buɗe sabon rumbu a can, ta sa adireshinsa da kalmar sirri a inda ya dace, ta kwashe bayanan ta mayar. Ta yi bisimilla ta tura.

Wannan karon Sajo bai yi sallama ba ma. "Ga sunana! Wallahi ga motata!" Tana jin hayaniyar direbobi a bayansa, kowa na cewa a ba shi ya gani.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. Da ta yi gyara na gaba, duk hotunan motocin da direbobi suka ɗora suka ɓace, domin kamfanin yakan share ɗakin manhaja ya sabunta shi a kowace turawa. Ta sama wa hotuna ma'ajiya ta daban, sannan ta bi direbobin ɗaya ɗaya a waya tana ba su haƙuri su sake ɗauka. Wani dattijo ya turo hoton kansa maimakon na motar, ta bar masa shi haka.

Kayan farko da aka haɗa ta shafin ba na Sajo ba ne. Wani direba ne mai suna Babayo ya samu buhunan garin rogo zuwa Nangere. Da ya sauke, ya biyo ta shagon da jarkar manja ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙi zama, ya ce kunyarta yake ji. Sajo ya yi kwanaki yana mita cewa an yi masa shigar sauri a manhajar gidansa.

Yau direbobi da yawa a garin suna amfani da ita, wasunsu ba su ma san wadda ta yi ba. Baraka tana nan a shagonta tana buga takardu. Kwanan baya ta ƙara girman maɓallan shafin, saboda direbobi sun kawo kuka cewa yatsunsu manya ne, in sun danna Kano sai Katsina ta fito. Da ta tura gyaran ta kira mijinta ya gwada.

"Yanzu ya yi," ya ce. "Ki ce wa yara ina tafe da ayaba."