Kwaɗon Rumbun Kaka

Shekaranjiya mai walda ya kafa wa shagona na Gazawa ƙofar ƙarfe. Da ya danna kwaɗon ya yi ƙwas, sai gabana ya faɗi. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Wannan ƙarar na san ta tun ina yarinya a ƙauyenmu na gefen Gangara, kuma ba alheri take tuna mini ba.

Kakata tana da gamana, wato 'yar gonarta ta kanta, da rumbu guda a bayan ɗakinta. Idan an gama ɗaurin hatsi da kaka, takan liƙe bakin rumbun da laka, ta danna tafin hannunta a kai tun tana ɗanya. Har yau ina jin ƙamshin lakar nan. Ko yaro zai iya fasa ta, amma ba mai iya mayar da tafin Kaka, ga shi ɗan yatsanta guda a karkace yake. Kullum da safe sai ta leƙa ta ga hannunta, sannan ta zauna dama fura. Abincin damina da irin shuka duk suna cikin rumbun.

Wata shekara aka fasa rumbuna biyu a unguwarmu. Sai ga Baba Ƙarami, autan Kaka, ya dawo daga Maraɗi da kwaɗo mai sheƙi. Ina son mutumin nan fiye da kowa a gidan. Shi ke goya ni a wuya, shi ke kawo mini alewa. Ya ce laka ta zama tsohon yayi, ya kira maƙeri aka kafa murfin ƙarfe. Maƙerin ya lanƙwashe ƙusoshin ta ciki, ya daddake kawunansu har ba inda za a kama a zare. Baba Ƙarami ya miƙa wa Kaka makulli, ya ce, "Inna, yanzu ki yi kwananki da minshari." Ta ɗaure shi a bakin zanenta, ta yi ta sa masa albarka.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Kaka ta buɗe rumbu. Dammunan gaba suna nan a jere tsaf. Ta janye su, sai rami. Kwaɗo lafiya lau, ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba.

Maƙwabciyarmu ce ta warware zancen, ba da niyya ba. Ta ce ai ta sha ganin autan yana loda hatsi a amalanke ranar kasuwar Gangara, in mun tafi. Da rana tsaka yake buɗewa da makulli, har su gaisa, shi ya sa ta ɗauka aike ne. Ashe kwaɗon da makulli biyu ya zo.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta dubi Baba Ƙarami kawai ta ce, "Da laka ce, da na gani tun ran farko." Ni ce na yi kukan, na watsar da alewarsa a gabansa. Har ya koma ga Allah ban sake sakin jiki da shi ba, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Ta sa maƙeri ya cire murfin, ya ce ba ya ciruwa sai an rushe bangon, ai haka aka ce ya yi. Sai ta kwaɓa laka ta shafe ƙarfen da kwaɗon gaba ɗaya, ta danna tafinta a kai. Da irin roƙo muka yi shuka a shekarar, bayan hatsin kowa ya tsiro.

Yanzu ƙauyen namu duk ƙofofin ƙarfe ne, ba mai liƙe rumbu da laka. Ni ma ga ni na bi sahu. Mai walda ya miƙo mini makullai, ɗana na fari ya miƙa hannu zai riƙe mini guda. Yaron kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba. Amma sai da na tambayi mai waldan makulli nawa kwaɗon ya zo da su, na haɗa su duka na ɗaure a bakin zanena.