Lemon da Na Ci a Shagon Maƙwabcina

Shekara tara na yi ina ɗaure kayan kago a wani lungu na kasuwar Al Sabkha a Dubai, kuma duk lungun babu wanda ya kai ni sani. Ni na shaida wa kaina haka, ban kuma samu mai musu ba. Karatuna bai wuce firamare da 'yan izu ba, amma in na buɗe baki sai ka rantse daga Madina aka turo ni.

Bango ɗaya ya raba shagona da na wani tsoho ɗan Chana mai sarin zif da maɓallai. A ƙuryar shagonsa akwai 'yar kanta ja, a kanta mutum-mutumin Buda a zaune, da turaren tsinke, da faranti mai lemo ɗaya. Kullum kafin ya fara ciniki sai ya zauna a kan kwali ya rufe ido, shiru, kamar rediyon da aka cire wa batir. Na laƙaba masa mai gadin lemo. Hausawa masu kawo kaya awo suna dariya, ni kuwa dariyarsu ce abincina.

Wata rana bayan la'asar muna zaune mu biyar, na ce, "Ku zuba ido ku ga ko gunkin zai rama." Na shiga shagon babu sallama, na ɗauke lemon, na ɓare, na cinye a gaban tsohon, na ajiye masa ɓawon a farantin. Na fito ina taƙama kamar na ci gari da yaƙi. Jarumtar da na yi ke nan a Dubai: na kayar da lemo.

Washegari ya zo da lemo biyu. Ya miƙo mini ɗaya, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Haji, wannan naka. Na ciki ba naka ba ne." Haka ya riƙa yi kullum. Na gaya wa jama'a tsorona yake ji, na kuma ci gaba da shan lemo.

Bayan kamar shekara biyu wani direba ya fasa mini kwali. Ina cikin zazzaga masa masifa sai jiri ya ɗebe ni, hawan jini ya zo karɓar rabonsa. Abokan dariya suka tsaya neman lambar asibiti. Tsohon ne ya riƙe ni ya zaunar a kwalinsa.

"Khalas, ya isa, Haji. Rufe ido. Bi numfashinka, shiga, fita. Shwaiya shwaiya, sannu-sannu."

Ko a wannan hali bakina bai mutu ba. "Ni da ke da carbi za ka koya wa zama?"

"Carbin yana hannunka," in ji shi, "kai kuma kana can wuyan direba."

Daga ranar na soma leƙa shi da safe, wai duba lafiyarsa nake. Ya ce a koyarwar Buda, yawancin wahalar mutum daga riƙo take: riƙon kaya, riƙon suna, riƙon fushi. Fushi baƙo ne, in ka zauna ka kalle shi ba ka ba shi shayi ba, zai gaji ya tafi. Ya ce akwai kuma wata tsohuwar koyarwa ta ƙasarsu, Tao, wato hanya, ita ruwa take sa mutum ya kalla. Ya nuna wajen mashigin ruwan Deira ya ce ruwan nan bai taɓa kokawa da kwale-kwale ba, ƙasa yake nema kullum, amma shi ke ɗauke da su duka. Bai taɓa cewa in bar sallata ba. In aka kira azahar ma shi ke tuna mini. Abin haushin, haƙurin da yake faɗa duk an karantar da ni tun ina yaro. Na haddace, shi ya aikata.

Wata safiya yana goge kantar sai na hangi ƙaramin hoton wata mata a jingine bayan mutum-mutumin. Ya ce matarsa ce, ta rasu shekarar da ya zo Dubai, lemo take so.

"Na san ba ta ci," in ji shi. "Ni ne ke bukatar ajiyewa."

"To ranar nan ba ka ji haushi ba?"

"Na ji. Kwana uku. Na zauna da shi har ya tafi."

A nan ya kamata in ce ya yafe mini. Sai na yi tari, na ce ana jirana a sikeli. Na ɗaga zuwa gobe, gobe ta zama wata takwas. Malamin lungu guda ai ba ya ba mai gadin lemo haƙuri haka kawai, sai an shirya.

Da ya ce zai koma gida wajen 'yarsa, na kwana biyu ina tsara kalmomin. Ranar tafiyar na fito, sai ga mutanena a tsaye bakin shago, har da biyu daga cikin waɗanda suka ga jarumtata. Na dube su, na dubi tsohon, bakina ya zaɓi dariyarsu.

"To mai gadin lemo, an yi ritaya? Yalla, a sauka lafiya!"

Suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya zaro lemo daga aljihun rigarsa ya sa mini a hannu, ya ja akwatinsa ya nufi tashar bas. Ba ni da lambarsa ta can. Shekara tara, mai sani irina bai ga dalilin tambaya ba.