Mis Ackroyd Mai Duba Gidaje

Ranar Talata, tara ga Fabrairun 1971, Allah ya karɓi ranki, Mis Winifred Ackroyd, a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. A coci an yabi hidimarki ta shekara talatin a ofishin gidaje. Ni Maud Sugden, ga tawa shaidar.

Bayan yaƙi, da doka ta ce ƙaramar hukuma ta gina wa talakawa gidaje, ke aka ɗora wa tantance waɗanda suka cancanta. Kin zo mana a 1952. Mu biyar a ɗaki ɗaya, bango na tsattsafo da ruwa, mijina Wilf ya dawo daga fagen daga da huhu guda. Kin ɗaga bargonmu kin shinshina. Kin shafa saman kabad, kika nuna mini yatsanki da ya yi baƙi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, hayaƙin masaƙa ne. Da safe na goge."

Kika yi murmushi. "Misis Sugden, sababbin gidajen nan har da bahon wanka fa. Irinku ai gawayi za ku zuba a ciki."

Aka mayar da sunanmu ƙarshen layi. Da sanyin wannan shekarar ya shigo, tari ya kama ƙirjin 'yata June. Shekararta huɗu muka binne ta. Ba zan ɓoye alherinki ba: kin aiko da furanni.

Da aka fara ba masu gidaje tallafin gyara, ƙanenki Cyril ya sayi gidajen layinmu kaf. Ya sa famfo, ya sa makewayi a ciki, sannan ya ce mu tashi, kuɗin hayar gidan ya fi ƙarfinmu.

Da tsufa ya kawo ki hannuna, shekara biyu ina juya ki a gado, ina ba ki shayi a cokali, ban gaya miki ko ni wace ce ba. Sai ranar Lahadin ƙarshe kika riƙe hannuna kika ce, "Baiwar Allah, kamar na san ki."

Na sunkuya na ce, "Ni ce uwar June."

Kika ce, "Wace June?"

Ina miƙa ta'aziyya ga Cyril da iyalinsa, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuwa, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki. Ni dai na gwada, na kasa.