Hatimin Sabuluna daga Bompai

Mun tashi da asuba daga Madobi, ni da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci. A aljihuna akwai ɗanyen sabulu guda da takardar da na rubuta sunana da hannuna. Sabulun wanki nake yi, amma ba shi da alama, shi ya sa a kasuwa ake sayar da gurɓatacce a ce nawa ne. Malam ne ya ba ni labarin wani inji a Kano da ke ƙera abu da roba daidai da zanen da aka ba shi. Shi nake so ya ƙera mini hatimi.

A Panshekara muka sha koko da ƙosai cikin ma'aikata masu sauri. Ƙosan ya ƙanƙance, har Malam ya ce sai da tabarau ake ganinsa. Warin jimar fata ya raka mu har muka wuce Challawa. A Sharada maigadin wata masana'antar roba da muka tambaya ya yi dariya, ya ce su bokiti suke yi mota-mota, mai neman abu ɗaya tak sai Bompai.

Can muka sami shagon, wata mata 'yar Kudancin Kaduna ke riƙe da shi. Ta ɗauki hoton takardata, ta duba a kwamfuta.

"Baba, rubutun ya ɗan karkace. In sa muku baƙaƙen kwamfuta?"

Malam ma ya gyaɗa kai. Na ce, "A'a, 'yata. Na kwamfuta kowa zai iya bugawa. Wannan karkatar tawa ce."

Injin ya dinga narkar da zaren roba yana ɗora layi bisa layi, kamar zanzaro na ginin ɗakinsa. Har muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake, bai gama ba. Da hatimin ya fito na kasa karanta shi, don rubutun a juye yake. Sai matar ta ce in danna shi a kan sabulun. Na danna, na ɗaga. Ga sunana raɗau, da karkatarsa.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. Tafiyar ta nuna mini cewa hannun da ya daɗe yana dangwala yatsa ma yana da abin da inji zai kwaikwaya. Na ajiye sabulun a gaban maiɗakina. Ta juya shi, ta ce, "Wannan ai rubutunka ne, maigida. Wa zai iya satar wannan?"